Abin da Shigeru Ya Faɗa a Asibiti

Yaya Tokiko,

Gaisuwa mai yawa. Ya sanyin Sendai? Nan Hirosaki ƙanƙara ta fara sauka.

Ina kwance a asibiti. Likita ya ce gyambon ciki ne, kuma na yarda, sai jiya na fara shakka. Kin san maigidana Shigeru: tun aurenmu "ke" yake kirana, in miya ta yi daɗi sai dai ya miƙo kwano a ƙara masa. Jiya ya tsaya a ƙarshen gado, hula a hannu, ya ce, "Fumie, ina son ki." Ya rusuna, ya fice, har ya manta lemarsa.

Yaya, mazan garinmu ba sa faɗin wannan ga macen da za ta tashi. Kuma likita miji yake kira ofis, ba mara lafiya ba. Ki tambayi Shigeru. Kada ki yi mini ƙarya.

Ƙanwarki,
Fumie

Shigeru,

Ina gaisuwa, da fatan itatuwan tuffarka sun huta bayan girbi.

Na tsufa, ba ni da lokacin kewaye-kewaye. Kai da ko ranar ɗaurin aure bango ka yi ta kallo, wa ya aike ka? Da lemo ka ɓare mata ka yi shiru, da ta yi barci. Yanzu ta ƙi cin abinci. In a talabijin ka tsinto maganar, faɗa mini in yi dariya. In ba haka ba, me likita ya ce?

Ka kula da ƙirjinka a sanyin nan.
Tokiko

Yaya,

Ina gaisuwa. A gafarce ni, ban iya rubutu ba.

Ba a talabijin ba ne. Likita ya ce ba za ta rayu ta ga furen tuffa mai zuwa ba. Ya ce kada a gaya mata, zuciyarta za ta karye. Na shiga da niyyar in ce na rufe mata randar kabejin da ta tsima da gishiri. Bakina ya saɓa mini.

Ina roƙonki, ki ce mata gyambo ne. Maganarki za ta ji.

Da girmamawa,
Shigeru

Fumie,

Ya jiki?

Mun yi magana da mijinki. Ya ce in ce miki gyambo ne. To, na ce.

Zan hau jirgin ƙasa ranar Asabar. Na ba maƙwabta kyanwata, na ce su riƙe ta, ban sa ranar dawowa ba. Ki ci abinci kafin in iso.

Yayarki,
Tokiko