Uwar Irin Baba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Yaya ƙafar da ka ce tana damunka? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, akwai maganar da ta tsaya mini a wuya. Cibiyarmu ta ba ni aikin gwada waken soya iri arba'in. A cikin ƙwayar halittar shuka akwai wani ɗan sashe da ake kira mitokondiriya, DNA ɗinsa kuwa ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Shi nake kwatantawa.

Da na zo kan irin da Baba ya yi suna da shi, sai na ga bai dace da uwar da ya rubuta a rajista ba. Ya dace da waken Kawu, yayan Mama. Ka tuna lokacin da Kawu yake aikin gona a cibiyar, ya ce wakensa aka ɗauka, aka kore shi, Mama ta daina zuwa gidansa? Sau uku ina maimaita gwajin.

Yanzu ofishin Baba yana kallon teburina, gilashi ne kawai a tsakaninmu, kuma shi zai sa hannu a rahoton. Kullum sai ya leƙo ya kira ni likitar wake, ya tambaya ko an gama. Mota ɗaya muke komawa gida.

Ka gai da yara.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Ina gaisuwa. Na ga amsarka, amma shirun da ka ce in yi ya gagare ni.

Na kai wa Baba sakamakon. Ya karanta har ƙarshe, bai musa ba, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in rubuta abin da na ga dama, zai sa hannu. Wallahi da ma zagina ya yi. Na rubuta gaskiya, ya sa hannu, aka tura.

Ran Asabar na je wurin Kawu, ina zaton zai yi murna. Na same shi yana gyaran famfo. Ya saurare ni, ya goge hannu, sai ya roƙe ni in janye rahoton. Wai shekara ashirin yana jiran wannan rana, amma yanzu ƙanwarsa ta tsufa, ba ya so ta san halin mijin da ta zaɓa a kansa.

Ban iya gaya masa takardar ta riga ta tafi ba. Mama kuma har yau ba ta san komai ba. Don Allah ka zo, ba zan iya faɗa mata ni kaɗai ba.

Ƙanwarka,
Auta