Kafin a Kawo Wata

Ni mahaifiyarku, da hannuna nake rubuta wannan. Jiki ya ƙi, amma hankalina garau yake, kada wani ya ce ciwo ne ke magana.

Na ɗaya. Keken ɗinkina na Auta ne, tunda ita kaɗai ce ba ta karya mini allura. Sauran kayan ɗaki ku raba cikin lumana, babu abin faɗa a ciki.

Na biyu. Ku san abin da ya kwantar da ni. A matsayin sakatariyar sashe guda jami'a ta ɗauke ni. Da ta ofishin jarrabawa ta yi ritaya, aka miƙo mini makullinta, wai in riƙe kafin a kawo wata. Da mai rajistar ɗalibai ya rasu, aka ƙara mini nasa. Har yau ba a kawo kowa ba. Shugaban sashe na ƙwala mini kira, ɗalibai sun cika taga suna tsaki, wayar wancan ofishin na ta kuka. Hutun shekara kuwa, sai in na samo mai riƙe mini. Wa zai riƙe wa mai riƙo? Likita ya ce hawan jini ne. Ni dai na san inda na kwaso shi.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Dogo da Auta, ku daina gaba da yayanku don bai cika zuwa asibiti ba. Ranar da ya leƙo, na ji ƙarar makullai a aljihunsa, na gane su. Nawa ne. Da yake shi ma a jami'ar yake aiki, tun da na kwanta aka ɗora masa aikina a kan nasa. Yana cikin ba ni ruwa wayarsa ta yi ƙara, ya ajiye kofin ya koma ofis.

Na so in ce masa ya ajiye aikin, sai na tuna da ku. Gidan da kuke ciki na ma'aikatan jami'a ne, ranar da ya ajiye za a ce ku kwashe kayanku. Na juya abin ta kowace fuska, ban ga mafita ba. Tsoro nake ji, ba na ɓoye muku.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Kada ku watse a bayana. In wayar yayanku ta yi ƙara ranar da za a kai ni makwancina, ya juya zai tafi, kada wanda ya harare shi. Ku ajiye masa abinci.