Katako Za a Sa a Kicin ɗin Inna

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya gwiwar Inna? Ya Anti da yara? Ni ƙalau nake, aiki sai godiya.

Na ga hotunan da ka turo min a waya na tayil ɗin da kake son a shimfiɗa a ƙasan sabon kicin ɗin Inna. Wallahi ya haɗu, sai sheƙi yake kamar madubi. Amma ban yarda ba, Yaya. Katako za a sa.

Na san za ka ce me na sani, ni da ko makaranta ban ƙarasa ba. To, ni ce dai ke goge irin wannan tayil ɗin kullum a gidan abincin da nake aiki. Satin da ya wuce ɗigon mai ya kwashe ni da faranti a hannu, sai ji na yi tim! Kada ka gaya wa Inna. Shi ya sa na daina kiran bidiyo. Hannun ya kusa warkewa, rubutun ne kawai sai da hagu.

Ni mai ƙuruciya ke nan. Ina ga Inna, da ke yawo da jiƙaƙƙiyar ƙafa ba takalmi?

Ka ce ruwa zai ruɓar da katako. Na kalli bidiyo sun fi ashirin, akwai wanda ake shafa wa magani. In ma ya ruɓe, kafinta zai canja shi. Ƙugun Inna fa, wa zai canja mana?

Ka yi fushinka, ka cire ni daga guruf ɗin gida in ka ga dama. Ka dai kira kafinta.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka mai taurin kai