Mama ta cire mini ciyawar gwaji

Yaya Ladi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya maigida da yara, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Kafanchan lafiya lau.

A lambun kwalejinmu, malami ya ba kowa ƙananan filaye biyu na citta. Ɗaya mu riƙa cire masa ciyawa, ɗayan mu bar shi da gangan, don mu ga bambanci lokacin haƙa. Da wannan za a ba mu maki.

Ran Asabar Mama ta kawo mini acca daga Fadan Kagoma. Na nuna mata wurina, na tafi sayo mata ruwa. Kafin in dawo, ta gyara ɗaurin zaninta, ta cire ciyawar nan tas da hannu.

Ta ce, “Rifkatu, ba za a kira 'yata raguwa ina raye ba.”

Na dubi zufar da ke fuskarta, sai kawai na ce na gode.

Malam ya yi dariya, ya ce in sake gwajin da alayyafo, tunda lokacin shuka citta ya wuce. Ki sa ni a addu'a, ki gaishe mini da kowa.

In kin kira Mama, kada ki gaya mata. Har a zumuntar mata ta ba da labarin yadda ta rufa mini asiri.

Ƙanwarki,
Rifkatu