Fukafukan Injin Rijiyar Gidan Hammawa

Litinin, 6 ga Maris, 1989
Ni da Bunu mai walda mun gama kafa injin iska mai ja ruwa a rijiyar Gidan Hammawa, bayan Disina. Iska ba ƙarfi. Ko motsi bai yi ba.

Alhamis, 16 ga Maris
Iya Meram, mai magana da yawun matan ƙauyen, ta tare ni: "Malam Cornelius, ado kuka kawo mana?" Har yau da guga suke ja, rijiyar kuwa zurfi.

Asabar, 25 ga Maris
Na sa an faɗaɗa fukafukan, an ƙara musu lanƙwasa. Bunu ya ce iskar da ke juya su ita ce ke tura hasumiyar ƙarfen da ke ɗauke da su baya, fiffike mai faɗi kuma ya fi kama iskar. Na sani. Shi ma ya san na sani. Ya yi waldar.

Laraba, 29 ga Maris
Ruwa! Ɗan hucin iska ma juya shi yake. Tanki ya cika.

Talata, 18 ga Afrilu
Na dafa ƙafar hasumiyar, tana rawa a hannuna. Na ƙara ɗaure notuna. Ban gaya wa kowa ba.

Lahadi, 21 ga Mayu
Daga coci aka kira ni. Hadarin farko ya zo jiya da la'asar. Ƙafar hasumiyar ɗaya ta lanƙwashe, fiffike ya tsinke ya yanka rufin ɗakin Yelwa, jikar Iya Meram. Tana ciki da jaririnta. Ƙarfen ya tsaya a kan tukunyar ruwa. Da ƙyar na iya kallon Yelwa.

Laraba, 24 ga Mayu
Na tara matan na faɗa: fukafukai sirara ba za su karya hasumiya ba, amma ranar da iska ta kwanta sai guga. Iya Meram ta ce, "Rage su. Hannuwanmu ba su mutu ba."
Bunu bai ce ai na faɗa ba. Ya dai miƙo mini almakashin ƙarfe.

Juma'a, 9 ga Yuni
Rabin tanki. Hasumiya tsaye ƙyam.

Asabar, 1 ga Yuli
Gabas ta yi baƙi da rana. Na bar abinci na tada babur. Matata Roda ta ce, "Baban Mabel, yau ba aiki fa." Na ce mai zan sayo. Daga gidanmu a Azare har Gidan Hammawa ban tsaya ba. Na karkatar da injin daga fuskar iska, na ɗaure shi, na zauna a rumfar Yelwa har ruwan ya ɗauke. Ta ba ni jaririn na riƙe.