Na Sayar da Bindiga, Na Riƙe Igiyarta

Zuwa ga mai girma Kumanda, wanda littafin bindigogin wannan ƙasa tamu yake hannunsa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da duk masu aiki a ƙarƙashinka. Sunana Isufu Maman, manomin hatsi daga wani ƙauye a ƙasar Falanko. Da hannuna nake rubuta wannan, da ɗan abin da na samu a ajin yaƙi da jahilci, kuma na so kowa ya karanta, don na san ba ni kaɗai na yi abin da na yi ba. Ba rigima na zo da ita ba, ranka ya daɗe. Kaina ne ya ɗaure, na rasa mai kwance mini shi.

Na farko, yadda bindigar ta bar hannuna. Bindiga ce mai baki ɗaya, gadon mahaifina. Na yi mata permi, wato takardar izinin riƙewa, aka manna hotona, aka rubuta lambarta a littafinku. Shekarar babban fari, shekara goma sha ɗaya ke nan, rumbuna ya zama wayam. Sai ga wani makiyayi mai suna Agali daga wajen Tenhya, raƙumansa sun dawo daga kudu da hatsi, shi kuma kuraye sun hana shi sakat. Ya ba ni buhu biyu da akuya mai shayarwa, na ba shi bindiga. A ƙofar limaminmu Malam Ari aka yi cinikin, da maƙwabcina Na-Allah a zaune. Aka sa albarka, aka shafa fatiha. Kafin ya tafi ma sai da ya biya maƙera, ya ɗora wa katakon bindigar shaidar wuta irin wadda yake yi wa raƙumansa, ina tsaye ina kallo.

Na biyu, takarda. A nan ne aka ce na yi kuskure, to bari in faɗi yadda na yi shi. Mu nan in mutum ya sayar da sa ko akuya, yakan kwance igiyarsa ya koma da ita gida, mai saye ya ɗaura tasa. Ba ma bayar da dabba da igiya, haka muka tashi muka tarar. Da na dubi permi, da hotona da sunana a jiki, sai na ɗauka ita ce igiyar bindiga. Na ma tambayi Agali ko yana so, ya yi dariya, ya ce me zai yi da hoton ƙato ɗan'uwansa a aljihu. Na naɗe ta na jefa a akwati. Babu wanda ya taɓa gaya mini cewa sai na koma buro, wato ofishinku, an kashe sunana.

Na uku. Makon da muka yi shuka a wannan damina, jandarma biyu suka yi sallama a ƙofata. Wai masu tsaron daji sun ci karo da wasu mutane can arewa da naman barewa, mutanen suka tsere a kan raƙuma suka yar da bindiga. Aka karanta lambar da ke jikin ƙarfen, aka buɗe littafi, sai ga Isufu Maman. Gaskiya wannan aiki na yaba. Lamba 'yar ƙarama kamar kiyashi, ta taso daga can ta gane ƙofar gidana bayan shekara goma sha ɗaya! Amma da aka kai ni buro na nuna musu shaidar wutar Agali a katako, sai aka ce littafi bai san wuta ba, lamba kawai ya sani. Agali kuwa farin bara ya cinye masa garke, ya tashi. Wasu sun ce yana Agadas, wasu sun ce ya wuce gaba. Hannu nawa bindigar ta shiga bayansa, Allah ne masani.

Na huɗu, kuma shi ne abin da ya hana ni cin abinci. Ma'aikaci na farko ya ce bindiga tawa ce, tunda takarda tana hannuna. Na ce to madalla, a ba ni abina in koma gona. Ya tura ni wurin na biyu. Na biyu ya ce ba ni da hakki a kanta ko kaɗan, ai da bakina na ce na sayar. Na ce to alhamdu lillahi, a sallame ni ke nan. Ya tura ni wurin magatakarda. Shi kuma, mutumin kirki, har ruwa ya ba ni, ya ce ba maganar barewa ake yi mini ba, maganar sayarwa ce ba da sanin hukuma ba, kuma ba za a rubuta cinikin ba sai mai saye ya zo ya dangwala yatsa. Na ce mai saye ba a san inda yake ba. Ya ce to in riƙa zuwa duk mako har a gama bincike. Sannan ya miƙo mini permin, ya ce in adana ta da kyau.

Ranka ya daɗe, na kwana na tashi da wannan magana ban gane kanta ba. In za a tuhumi mutum, bindigar tawa ce. In za a miƙa wa mutum ita, ba tawa ba ce. Takardar da aka ce riƙe ta ne ya jawo mini wannan, ita aka ce in ƙara riƙewa. Shin wanda ya sayar da abu, yaushe ne abin yake rabuwa da shi? A wurinmu daga an shafa fatiha shi ke nan. A wurinku ban sani ba, kuma duk wanda na tambaya sai ya nuna mini wata ƙofa.

Na biyar, gona. Zuwa da dawowa kwana uku suke ci mini, in an yi sa'ar mota. Sau shida ke nan. Bana ne Allah ya ba mu ruwan kirki bayan wahalar da kowa ya sani, maƙwabta sun gama noman fari sun shiga maimai, ni kuwa ciyawa ta kere hatsina. Matata Hajara da 'ya'yana mata suna iyakar ƙoƙarinsu, amma gonar ta fi ƙarfinsu. Na kira gayya sau ɗaya, kunya ba za ta bar ni in sake ba. A gari har an fara kirana Sarkin Baka, ni da rabona da harbi tun kafin a haifi 'yata ta uku. Ina dariya tare da su, amma tsoro nake ji. In wannan damina ta wuce ni, yunwar da ta sa na sayar da bindigar ita za ta dawo gidana, kuma yanzu ba ni da wata da zan sayar.

Ga roƙona. A aiko mutum ya ji shaidar Malam Ari. Na-Allah ya rasu, Allah ya jiƙansa, shi kuma liman tsufa ya hana shi hawa mota, amma hankalinsa garau, har launin akuyar yana tunawa. A ɗage mini zuwan nan na mako-mako har a kai hatsi rumbu, ba inda zan gudu in bar gona. A kuma sa masu gari su yi shela ranar kasuwa kan abin da mai sayar da bindiga zai yi da takardarsa, don akwatunan ƙasar nan cike suke da irin tawa.

Mako mai zuwa zan zo kamar yadda aka ce. Zan ajiye permin a kan teburinka, ranka ya daɗe, kuma ina roƙo kada a sake miƙo mini ita. Na riƙe igiya shekara goma sha ɗaya, ashe ni ta ɗaure. Ku karɓa ku kwance ni in je in yi noma.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama aikinka da mutunci, ya ba mu damina mai albarka baki ɗaya.

Wassalam.

Isufu Maman, ƙasar Falanko.