Na Sa wa Kawuna Ƙaramar Waya a Kwalin Babba

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana da na garinmu, kuma wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, domin duk zagin da zai yi min na riga na yi wa kaina shi.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye ta wajen Ɗambatta. A garinmu duk mai son sayen waya ni yake nema, har Injiniya suke ce min, wai don na san ram, na san giga, na san batirin da zai kai mutum magariba a gona da wanda zai mutu kafin azahar. Ni kuma sunan yana min daɗi, har wani ɗaga kafaɗa nake. Shekara biyu ke nan Kawu, ƙanin mahaifiyata wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana, ya kira ni ya ce, "Injiniya, mai babban ciki nake so, wadda ba ta cika. Kai ka san kansu, je ka zaɓo min." Na je kasuwa, dama ni ma ina son canza tawa. A wani shago na samu waya biyu samfuri ɗaya, launi ɗaya, kamara ɗaya, batir ɗaya. Bambancinsu a ciki yake: ɗaya ram takwas da giga ɗari biyu da hamsin da shida, ɗaya ram huɗu da giga sittin da huɗu. Na sayo wa Kawu babbar, ni kuma ƙaramar ce daidai ƙarfina.

A tasha, ina jiran mota ta cika, na buɗe kwalayen biyu a cinyata. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, ni ne. Na ce a raina, me dattijo zai yi da wannan uban gigan? Ba kira ba ne da sauraron wa'azi? Wa zai gane? Na zare babbar na sa a aljihu, na zura ƙaramar a kwalin babba na rufe. Kawu ya karɓa da hannu biyu yana sa min albarka. Bayan wata shida ya fara cewa, "Wayar nan tana ta min wani rubutu, kuma ta yi nauyi." Ashe Kawu yana cikin zauren manoma na waya, da na masallaci, da na dangi, kuma bai taɓa goge bidiyo ko ɗaya ba. Sai in karɓa in share masa wasu a ɓoye, in ce matsalar sabis ce.

Mu nan gona manne take da gona, kunya ɗaya ma abin faɗa ce. Gonar gadonmu ta yi iyaka da ta wasu maƙwabta, gambar da aka shuka a tsakani ta ƙone tuntuni, kuma duk shekara garmar shanunsu sai ta ɗan ciyo namu. Kakanmu, mahaifin Kawu, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda aka kafa iyakar a gabansu. Bara kafin ruwan shuka Kawu ya riƙo shi suka zagaya gonar, tsoho yana dogara sanda yana nuna wurare, Kawu yana bin sa da waya yana ɗauka. Ni ina makaranta ranar. Kawu ya kalli farkon bidiyon, ya ga fuskar tsoho ta fito, ya ajiye abinsa hankali kwance. Da kaka Allah ya yi wa tsoho rasuwa.

Makon jiya aka zauna gaban dagaci. Kawu ya ce yana da shaida daga bakin mahaifinsa, ya kunna. Ga tsoho ya wuce kututturen ɗorawa, ya juyo gabas inda rigimar take, ya ɗaga sanda ya ce, "To, daga nan kuma..." Shi ke nan, bidiyo ya ƙare. Minti ɗaya da rabi. Wayar ta cika ta tsaya da kanta, Kawu yana ta bin mahaifinsa cikin rana da wayar da ba ta ɗaukar komai. Babban ɗan maƙwabtan ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, yanke shi ya yi. Da tsohon ya faɗi abin da ya yi masa daɗi ai da mun ji." Ina tsaye a wajen. Mutumin da ke jan mu sallah idan liman ba ya nan, shi ake kira maƙaryaci, ga wayar da ya kamata ta ɗauki maganar a aljihuna. Dagaci ya ba shi mako biyu ya kawo hujjar cewa ba shi ya yanke ba.

Shekaranjiya Hajara, 'yar Kawu da ke karatun jinya a Kano, ta zo gida. Ta duba cikin wayar, ta ɗauko kwalin da Kawu ya adana a akwati, ta ce, "Yaya, kwali ya ce ɗari biyu da hamsin da shida, waya kuma sittin da huɗu. Lambar jikin kwalin ma ba ta wayar ba ce. Ya aka yi?" Ban buɗe baki ba Kawu ya ce, "Ai ga ta nan! Mai shagon ne ya cuci yaron nan, ya ga ɗan ƙauye. Ran kasuwa za mu je, sai ya biyo mu gaban dagaci ya faɗa da bakinsa." Na ga Hajara ta kalli wayar da ke hannuna, ta kalle ni.

Jama'a, mai shagon nan bai yi komai ba. Kuma ya san ni, yana ganina zai tuna waya biyu na saya, lambar kwalin kuma tawa za ta nuna. In na yi shiru, ko a ci mutuncin bawan Allah a tsakiyar kasuwa, ko asirina ya tonu a can. In na faɗa, ba a ɗaki zan faɗa ba, sai gaban dagaci da iyayen yaran da nake koyarwa, don da haka ne kawai za a yarda Kawu bai yanke komai ba. Da wane ido zan kalli mahaifiyata? Kuma ko na faɗa, maganar tsoho ta tafi, ba mai dawo da ita.

Jibi ne kasuwa. Ɗazu bayan la'asar Kawu ya dafa kafaɗata ya ce, "Kada ka sa damuwa, ba laifinka ba ne. Kai ne shaidata." Wannan saƙon ma a wayarsa da na musanya nake rubuto muku shi.

Me zan yi?